IDAN GWAJIN MURA YA FITO DA LAYI BIYU, ME YA HAU KANKA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa ya haɗa fiƙihu da kiwon lafiya a wuri guda. Ka san dai in hunturu ya kama, ajin Islamiyya kan cika da tari da atishawa, har malami ya kasa jin mai biya karatu. Yawancin wannan mura ce da muka saba da ita, ta yi kwanakinta ta wuce. Amma a cikinta akwai wadda ba ta wasa ba ce. Akwai mura mai tsanani wadda likitoci ke kira infuluwenza, akwai kuma korona, wadda aka fara tabbatar da shigowarta Najeriya a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta isa Kano a watan Afrilun wannan shekara. Ba mu manta ba, a shekarar nan ta 1441 Hijira an rufe makarantu, an dakatar da Umra, aikin Hajji ma mutane ƙalilan ne daga mazauna Saudiyya suka yi shi. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin gaggawa, amma ba ta ce cutar ta ƙare ba. Tana nan tana yawo tare da 'yan'uwanta. Saurayi ya kamu ya miƙe cikin kwanaki kaɗan, tsoho mai ciwon suga kuwa ta kai shi gadon asibiti.

To, yanzu akwai ɗan gwaji na gaggawa wanda ake yi a asibiti, wani lokaci ma a gida, ya ba da amsa kafin ka gama shan shayi. Tambayar da za mu tsaya a kanta ita ce: in an gwada ka, ko an gwada ɗanka, aka ce cutar tana jiki, mene ne abin yi?

YADDA AKE KARANTA SHI

Wanda ya taɓa ganin gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake huda ɗan yatsa a ɗiga jini a kan wani ɗan farin allo na roba, ya ga ɗan'uwan wannan. Bambancin kawai, a nan tsinke ne mai auduga ake zurawa a hanci a jujjuya, a tsoma shi cikin wani ruwa da ke zuwa tare da kayan, sannan a ɗiga ruwan a kan allon. Sai a jira kamar minti 15. A jikin allon akwai haruffan boko guda biyu, C da T. Layin da ya fito a gaban C shaida ce cewa gwajin ya yi aiki. In bai fito ba, gwajin ya ɓaci, sai a sake wani. Layin da ya fito a gaban T shi ne yake cewa an ga ƙwayar cutar, wato bairos. Ko da ya fito dishi-dishi kamar tawadar da ta sha ruwa, layi ne, kuma hukuncinsa hukuncin layi ne.

Abu biyu za ka kiyaye. A karanta shi cikin lokacin da aka rubuta a takardarsa, domin in ya daɗe a ajiye yana iya fitar da wani layi na ƙarya. Sannan a duba kwanan watan lalacewarsa da inda aka adana shi. Yawancinsu ba a son zafin wurin ajiyarsu ya wuce digiri 30, mu kuwa a bazara zafinmu yakan haura 40, balle a cikin shagon kwano.

Shi wannan gwaji, kuskurensa ya fi yawa ta gefe ɗaya. In ya ce babu, yana yiwuwa akwai, musamman a ranar farko ta ciwo, shi ya sa ake cewa a maimaita bayan kwana 2. Amma in ya ce akwai, ga kuma zazzaɓi da tari a jikinka, to da wuya ya yi maka ƙarya. Saboda haka kada ka yi ta sayen wani kana sakewa har sai ka sami wanda zai faɗa maka abin da ranka ke so. Wannan shi ne halin mai yawon neman fatawa, ya tambayi malami goma ya ɗauki amsar da ta yi masa daɗi.

HAƘƘIN JAMA'A

Kafin gwaji kana cikin shakka, ka ce ko ƙurar hunturu ce, ko sanyin asuba ne. Bayan layi biyu kuwa ka sani. Duk ɗalibin fiƙihu ya san hukuncin wanda ya sani ba ɗaya yake da na wanda bai sani ba. Ita wannan cuta a numfashi take fita, in ka yi tari ko atishawa, kai ko magana ma, musamman da ɗaga murya irin ta karatu. Ta fi kama mutane a ɗakin da ke rufe, mai cunkoso, wanda iska ba ta ratsa shi. Yanzu ka duba ajinmu da masallacinmu da sanyin safiya, an rurrufe tagogi, an zauna kafaɗa da kafaɗa. Don haka abu na farko da ya hau kanka shi ne ka koma gida ka zauna.

Na san abin da wani zai ce, domin ana faɗinsa a majalisu. Zai ce ai ya zo a hadisi cewa cuta ba ta harbin wani, saboda haka gudun mai ciwo raunin tawakkali ne. Hadisin ingantacce ne, babu musu. Amma Annabin da aka ruwaito wannan daga gare shi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya cikin masu lafiya. Shi ne ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya hana na ciki fita. Kuma Imamu Muslim ya ruwaito cewa da baƙin ƙabilar Saƙifa suka zo mubaya'a, akwai mai kuturta a cikinsu, sai Annabi ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Mubaya'a fa, wadda ake yi hannu da hannu.

Malaman hadisi ba su bar waɗannan ruwayoyi suna karo da juna ba. Ibnus Salahi ya tafi a kan cewa abin da aka kore shi ne aƙidar Jahiliyya, cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta. Amma Allah ya sanya cuɗanya da mai ciwo ta zama sababi, kamar yadda ya sanya wuta sababin ƙuna, in ya so sababin ya yi aiki, in ya so ya hana. Ibnu Hajar kuma ya bi wata hanya, ya ce umarnin nisanta don toshe ƙofa ne, kada mutum ya kamu da ƙaddarar Allah sannan ya ɗora wa cuɗanya, aƙidarsa ta gurɓata. Lura da kyau, ya ɗan'uwa. Ko wanne ka bi a cikinsu, aikin da za ka yi ɗaya ne: mai ciwo ba ya shiga cikin masu lafiya.

Ga kuma aikin sahabbai. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, wadda ake kira annobar Amwas, da sunan wani ƙauye a Falasɗinu. A cikinta Abu Ubaida ɗan Jarrahu da Mu'azu ɗan Jabal suka rasu, Allah ya ƙara musu yarda. Sayyidina Umar ya taso daga Madina zai shiga Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sarga, aka tare shi da labari. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, suka saɓa, daga ƙarshe ya yanke a koma. Abu Ubaida ya ga kamar wannan gudun ƙaddara ne, ya faɗa masa. Sai Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar, ɗaya busasshe. Duk inda ya kora raƙumansa, ai da ƙaddarar Allah ya kora su, to don me zai zaɓi busasshen? Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin hana shiga garin annoba, Umar ya gode wa Allah ya juya. Wanda duk yake ganin ya fi Umar tawakkali, to, sai ya zo mu ji.

Akwai wata ƙissa a Muwaɗɗa ta Imamu Malik wadda nake so 'yan'uwa mata su riƙe. Sayyidina Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata da lallashi kada ta cutar da mutane, ta zauna a gidanta. Ta zauna. Bayan ya rasu wani ya ce mata wanda ya hana ta ya mutu, ta fito. Ta ƙi, ta nuna ba za ta yi masa biyayya yana raye ta saɓa masa bayan ya mutu ba. Ita fa Ka'aba ta haƙura da ita, tsawon rayuwa. Kai kwanaki kaɗan ake nema daga gare ka.

To, jam'i da Juma'a fa? Mu a mazhabarmu ta Malikiyya, littafin Muhtasar na Shaihu Halilu ya lissafa uzurorin da ke sauke Juma'a da jam'i, a cikinsu akwai rashin lafiya, da jinyar marar lafiya, da kuturta mai tsanani, har da cin ɗanyar tafarnuwa. Asalin wannan na ƙarshe hadisi ne da ya umarci wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci. In wari kawai ya isa a ce mutum ya tsaya gida don kada ya dami sahu, ina ga abin da zai iya kwantar da dattijon da ke gefensa? Sai ka yi sallarka a ɗaki, ranar Juma'a ka yi Azahar raka'a 4. Liman ya sa na'ibi, ladan ya ba wani lasifika. Kada ka ji baƙin cikin lada, domin Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa bawan da ya yi ciwo ko tafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya yana gida.

Sannan ka faɗa wa mutane. Mai wannan cuta yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alama. Waɗanda kuka ci tuwo kwano ɗaya shekaranjiya, da abokin zamanka a aji, suna da haƙƙin su sani, don su lura da jikinsu su kuma janye daga tsofaffin gidajensu. Ciwo ba abin kunya ba ne, kankarar zunubi ne ga mumini. Abin kunya shi ne ka ɓoye, ka je ɗaurin aure kana gaisawa da kowa.

A CIKIN GIDA

Littattafan likitoci kan ce marar lafiya ya keɓe a ɗakinsa shi kaɗai da banɗakinsa. Wannan maganar mai gida babba ce. Da yawanmu ɗaki ɗaya ne da uwa da 'ya'ya biyar, banɗaki kuma na gida duka ne. Sai a yi abin da za a iya, ai Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. In akwai zaure ko shago ko rumfa, marar lafiya ya koma can. In babu, a ba shi kusurwa ɗaya kusa da taga, a nisanta shimfiɗu, da rana kuma ya fito tsakar gida inda iska ke kaɗawa. A bar taga a buɗe ko da kaɗan, a ƙara bargo. Na san da sanyi, amma ɗakin da aka toshe shi ne gonar wannan cuta. Kuma kada a kuskura a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutane a cikin barci.

Mutum ɗaya ya ɗauki jinya, kuma kada ya zama kaka, kada ta zama mai juna biyu. Mu kuwa a al'adarmu, da jika ya kwanta sai a kai shi ɗakin kaka, ita ce mai haƙuri. A wannan ciwo juya abin za a yi, ita ce za a fi ɓoyewa. Marar lafiya ya sa takunkumi in wani zai matso kusa, mai jinya ma ya sa. A ware masa kofinsa da cokalinsa da kwanonsa da butarsa. Ya yi alwala a gefe, domin kurkurar baki da fyace hanci su ne suke fitar da abin da ake gudu. Kada ya tofar da kaki a tsakar gida inda yara ke rarrafe. In atishawa ta zo ya rufe fuskarsa da ƙyalle ya sassauta murya, wannan sunna ce da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito tun kafin a san bairos. A yawaita wanke hannu da sabulu.

Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta shayar. Yaye jariri saboda wannan ciwo cutarsa ta fi amfaninsa nesa ba kusa ba.

MAGANI

Yawancin mutane abin da suke buƙata hutu ne da ruwa. Ruwa da yawa, kunu, koko, romo, ruwan ɗumi da zuma don tari da kaushin maƙogwaro. Sai dai zuma, duk da albarkarta, ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Don zazzaɓi da ciwon jiki a sha farasitamol. Babba yana shan ƙwaya 1 ko 2 masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare, domin wuce haka yana lalata hanta. A kula, yawancin magungunan mura da ake sayarwa akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya ninka bai sani ba. Yaro kuwa gwargwadon nauyinsa ake auna masa. Asfirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba a irin wannan ciwo.

Yanzu ga inda muka fi zamewa. Da an ji tari sai a tura yaro kemis a ce a haɗo magani, a dawo da ƙulli mai launi-launi, a ciki da kafso na antibayotik. Antibayotik maganin wasu ƙwayoyin cuta ne daban da ake kira bakteriya, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Ka kashe kuɗinka, ka wahalar da cikinka, ka kuma koya wa bakteriyar jikinka yadda za ta jure maganin ranar da kake buƙatarsa da gaske. Likita ne zai duba ya ga ko wani ciwon huhu ya hau kan murar, sannan ya rubuta. Haka kulorokwin da aka yi ta rububinsa a 2020. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Birtaniya a wannan shekara ya nuna ɗan'uwansa da aka gwada bai amfani masu korona ba. Shi wannan binciken ne kuma ya gano cewa maganin nan dekisametason yana ceton rai, amma ga wanda ciwo ya kai ana sa masa iskar oksijin a asibiti. Wanda ke gida da ɗan zazzaɓi in ya sha, raunana garkuwar jikinsa zai yi, ya kuma tayar masa da suga.

Akwai magunguna na ainihi da ke yaƙar bairos ɗin kansa, amma suna da lokaci kamar salla. Na infuluwenza, wanda aka fi sani da Tamiflu, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da fara ciwo. Na korona, Paxlovid, cikin kwana 5 ake fara shi, kuma ba ya jituwa da magunguna da dama, sai likita ya ga abin da kake sha. Ba kowane wuri ake samunsu ba, kuma ba kowa ke buƙatarsu ba. Amma wannan shi ne dalilin da ya sa wasu mutane bai kamata su zauna su ga abin da hali zai yi ba. Dattijon da ya haura 60, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai asma, mai sikila, mai ƙanjamau, mai juna biyu, da yaro ƙarami, duk wanda layi biyu ya fito masa a cikin waɗannan, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar, ko da yana cewa ai da sauƙi.

Kada kuma layi biyu ya mantar da kai sauro. Mutum yana iya ɗaukar cuta biyu a lokaci guda. A ƙasarmu duk zazzaɓi mai zafi, musamman ga yaro da mai ciki, a yi masa gwajin cizon sauro shi ma.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Wannan sashe ina so a haddace shi kamar yadda ake haddace farillan alwala. In numfashi ya yi wuya, mutum yana haki yana zaune, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, a tafi asibiti. In ƙirji yana ciwo ko ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, in mutum ya ruɗe yana sambatu, ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai, in leɓe ko harshe ya sauya launi ya yi toka-toka, in fitsari ya ɗauke, a tafi. Haka wanda ya ji sauƙi kwana biyu sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, wannan yakan zama ciwon huhu ne ya biyo baya. Korona kuma takan yi wannan yaudara, ta tsananta a mako na biyu bayan an saki jiki.

Yaro ba ya iya faɗa, sai ka ƙirga masa. Ka ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ka duba agogo, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi nono da ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ba a jira gari ya waye. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili.

Wasu gidaje suna da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a ɗan yatsa ta auna iskar oksijin a jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. In ta sauka ƙasa da 94 a nemi likita, in ta kai 90 ko ƙasa abin gaggawa ne. Amma ka sani, bincike ya nuna ga masu baƙar fata irinmu takan nuna lambar da ta fi gaskiya kyau. Saboda haka in na'ura ta ce lafiya, idonka kuma yana ganin mutum yana haki, bi idonka. Wuya ya sanƙare da ciwon kai mai tsanani, ko wuya ya kumbura da wani farin abu a maƙogwaro, waɗannan kuma wata magana ce, ana tsoron sanƙarau ko mashaƙo, su ma ba a kwana da su. In za a tafi asibiti marar lafiya ya sa takunkumi, a kuma faɗa wa ma'aikata sakamakon gwajin tun daga ƙofa.

KWANA NAWA?

A 2020 kwana 14 muka sani. Da ilimi ya ƙaru aka rage. A watan Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 10 ga mai korona da ke da alamomi, a ƙirga daga ranar da ciwo ya fara, kwana 5 kuma ga wanda gwaji ya nuna amma ba ya jin komai, kuma mutum yana iya fita da wuri in an sake gwajin gaggawa ya nuna babu. A watan Maris 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sassauta, ta haɗa korona da infuluwenza da makamantansu a hukunci ɗaya: a zauna gida har jiki ya fara sauƙi kuma zazzaɓi ya sauka na yini da dare cur ba tare da maganin zazzaɓi ba, sannan a ƙara kwana 5 ana taka-tsantsan. A nawa ganin, ga aji irin namu da yara ke zaune gwiwa da gwiwa suna karatu da ƙarfi, kada a dawo kafin kwana 5, kuma sai zazzaɓi ya tafi da kansa, sannan a riƙe takunkumi har a cika 10. In likitanka ya faɗa maka wani abu daban, bi nasa, shi ya ga jikinka.

Takunkumi a salla fa? Rufe baki a salla makaruhi ne a wurin malamanmu, amma karhanci yana faɗuwa in buƙata ta zo. In ciwon ya faɗo a Ramadan, Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar ya sha ya rama, kuma mai zazzaɓi da ke buƙatar ruwa bai kamata ya matsa wa kansa ba. Tsinken gwajin kansa ba ya karya azumi, tunda busasshe ne, ba ya kai komai maƙoshi. Wanda ruwa zai ƙara wa ciwo ya ɗumama shi, in duk da haka akwai cutarwa ya yi taimama. Wanda jiri ke ɗiba ya yi salla a zaune.

Saura dubiya, wadda haƙƙi ce ta Musulmi a kan ɗan'uwansa, ba za mu ce a bar ta ba. Amma cika ɗakin marar lafiya da mata goma da goyonsu, a zauna har La'asar, wannan ba shi ne sunna ba ko a ciwon da ba ya yaɗuwa. A buga waya, a tsaya daga bakin ƙofa a yi addu'a, a aiko da kunu. Marar lafiya ya karanta Falaƙi da Nasi a tafin hannunsa ya shafe jikinsa, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labarin Annabi yana yi. Malamin da shi ne ke ɗauke da cutar kuwa, ya dakata da yi wa yara tofi sai ya warke.

Na san akwai wanda duk wannan magana za ta yi wa nauyi, wato mai neman na yau ya ci yau, ɗan dako, mai tura ruwa, direban a-daidaita-sahu. Ka ce masa ya zauna kwana 5, wa zai ba iyalinsa abinci? Wannan tambaya ba shi kaɗai ta hau ba, ta hau maƙwabtansa da jama'ar masallacinsa. In muna so ya kare mu daga ciwonsa, sai mu kare shi daga yunwa, a kai masa kwanon masara da ɗan abin cefane, kuma sadaka ce mai lada. In ya zama dole ya fita, ya sa takunkumi, ya tsaya a sarari, ya bar musafaha, ya kauce wa tsofaffi.

Mu ma malamai da hukumar makaranta akwai namu. Yaron da aka yi wa bulala ko aka ci shi tara don ya yi fashi, gobe da zazzaɓinsa zai zo, ya zauna a tsakiyar yara 60. Iyaye su aiko da saƙo, makaranta ta karɓi uzuri, hadda kuma a rama ta daga baya, ko jarrabawa ce ko musabaƙa. Malamin da gwaji ya nuna masa layi biyu shi ma ya ba wani ajinsa.

Bayan an warke, kasala da ɗan tari sukan ɗauki makonni kafin su sake mutum, sai a koma aiki a hankali. Amma tarin da ya wuce mako 2, musamman in da rama, da zufar dare, ko jini a kaki, kada a ce ai ragowar mura ce. A je a yi gwajin tarin fuka. A Najeriya gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don haka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, amin.